Guntaye Arba'in da Uku a Teburin Baba Kundi

A ƙasan ginin laburaren jami'ar, in an sauka matattakala goma sha huɗu, akwai ɗaki mai taga biyu waɗanda ba sa nuna komai sai ƙafafun masu wucewa. Nan ne sashen ɗinkin littattafai, nan kuma Baba Kundi ya yi shekara talatin da huɗu yana aiki. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, don duk wanda ya gama digiri sai kundinsa ya bi ta hannun tsohon kafin a karɓa a sama. Mahaifinsa baduku ne, tun yana ƙarami ya saba da allura da zare. Karatunsa bai wuce firamare ba. An ɗauke shi sharar ɗakin yana ɗan shekara ashirin da biyu, cikin shekara uku ya koma kan tebur.

Kundin da ya ɗinka ya haura dubu tara, har da na 'yarsa ta biyu. Bai taɓa karanta ko ɗaya har ƙarshe ba, amma da ya ɗaga kundi a tafin hannu zai gaya maka na sashen shari'a ne ko na lissafi, da wuya kuma ya kuskure. Abin da yake taƙama da shi guda ne: ba a taɓa dawo masa da aiki an ce ya ɓata ba. Saura wata uku ya yi ritaya lokacin da abin da za a ba da labari ya faru.

Mutumin da ya koya masa sana'ar ya kafa masa doka tun ranar farko, cewa kafin a auna littafi, kafin a matsa shi ko a kai shi injin yanka, sai an share cikinsa. Mutane na barin abubuwa a tsakanin shafuka: tikitin mota, hoto, reza, tsinken sakace, wasiƙar da aka rubuta ba a aika ba. Ƙaramin ƙarfe ɗaya ya isa ya ɓalle bakin wuƙar injin. Don haka hannun Baba Kundi ya saba, littafi na sauka a teburinsa zai bi shi shafi-shafi ya fitar da duk baƙon abu, ya jera su manya a ƙasa ƙanana a sama, ya zuba a ambulan, ya rubuta kwanan wata. Ba ya yar da komai. Ba ya kuma tunani kafin ya yi, kamar yadda mutum ba ya tunani kafin ya cire takalmi a bakin ƙofa.

A shekarar ne jami'ar ta shirya Makon Ilimi da Al'adun Afirka. An gayyato malamai daga ƙasashe da dama, an yi wa zauren laburare fenti, an sayo akwatunan gilashi shida don baje tsofaffin rubuce-rubuce. Ranar Litinin masinja ya sauko da wani ƙunshi da 'yar takarda daga kwamitin shirye-shirye, a yi masa akwatin kwali da ɗan filon da zai zauna a kai, kafin Alhamis. Ba a rubuta komai bayan wannan ba.

Littafi ne rubutun hannu da ajami, falle ɗari biyu da goma sha biyu, ba a ɗinke ba, an naɗe shi cikin bangon fata. Baba Kundi ya wanke hannu, ya ɗaga fallayen ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya sauya wa ko guda wuri ba. A tsakaninsu ya yi ta cin karo da 'yan guntayen takardu, wata kamar tafin hannu, wata ba ta fi yatsa biyu ba. Ya fitar da su duka, arba'in da uku, ya jera manya a ƙasa ƙanana a sama, ya sa a ambulan, sannan ya auna kaurin littafin. Akwatin ya fito yadda yake so.

Ranar Laraba da hantsi Dakta ta sauko. Malama ce a sashen tarihi, kuma ita ce za ta gabatar da babbar lacca ranar buɗewa. Ta ga akwatin ta yaba, ta ce ai ko a ƙasar waje ba za a yi wanda ya fi shi ba. Sai ta tsaya tana ba shi labari, jaka a kafaɗa, ƙafa ɗaya a kan matattakala. Littafin na lissafin taurari ne da lokutan shuka, kakan kakar wata tsohuwa ne ya rubuta, tsohuwar malamar firamare da kowa ke kira Malama. Shekara huɗu Dakta ta yi tana sintiri gidanta kafin ta yarda ta ba da aro a baje shi mako ɗaya, bisa sharaɗin kada a gusar da komai daga inda yake. In an saɓa, a ranar za ta ɗauke abinta. In kuwa an kiyaye, ta ce za ta duba yiwuwar barin shi a laburare gaba ɗaya.

"Ka ga 'yan guntayen nan na ciki, Baba? Ai su ne littafin," in ji Dakta. "Duk wanda ya gaje shi, in ya gwada lissafin ya ga bai yi daidai ba, sai ya rubuta a 'yar takarda ya ajiye a kan shafin. Zuriya huɗu suna gyara wa juna, har da mata. A kansu zan yi magana gobe."

Ta ƙara da cewa yawancinsu ba su ambaci shafi ba. Wata cewa kawai ta yi, a nan ya yi kuskure da kwana biyu. Inda takardar take kwance shi ne ke nuna inda ake nufi. Wayarta ta yi ƙara, ta ce da safe za ta turo a ɗauki akwatin, ta haye sama da sauri.

Baba Kundi ya bi ta da ido. Ya daɗe tsaye da rula a hannu. Abokiyar aikinsa ce ta lura, wata mata da ake kira Uwar Gam, wadda ke shafa gam da buga harufan ruwan zinare a bangon kundi, shekararsu goma sha tara tebur na kallon tebur. Ta tambaye shi ko angon fansho ya ga fatalwa ne. Ya jawo durowa ya ɗora ambulan a gabanta. Ta leƙa ciki, ta dube shi, dariyar ta ɗauke.

Da ta dawo hayyacinta sai ta kawo shawara, rabi wasa rabi gaske. Ya cuccusa su ko'ina mana, wa zai sani? Littafin cikin gilashi zai zauna a kulle, a buɗe a shafi ɗaya. Tsohuwar ma ƙila idonta ya yi rauni. Kuma ai laifin kwamiti ne da suka aiko da abu ba bayani, kamar wanda ya aika wa tela yadi ba awo.

Ya ce ya ji. Amma in ya ɗora takardar da ke cewa a nan ya yi kuskure a kan shafin da mutumin bai yi kuskure ba, ya yi wa mamaci ƙarya, ya yi wa wadda ta rubuta gyaran ƙarya, kuma wani zai zo bayan shekara hamsin ya gina digiri a kai, a kawo wa wani irinsa ya ɗinka. Uwar Gam ta ce to sai ya karanta su ya gane wurin kowace. Ya ce ajaminsa na haɗa baƙi ne, ko kwana goma aka ba shi ba zai gane lissafin taurari ba.

Ya buɗe littafin ne don kawai ya rasa abin yi. A falle na tara ya ga wani abu da ya sha gani a tsofaffin littattafai bai taɓa ba shi muhimmanci ba. Tsakiyar shafin akwai wuri mai kusurwa huɗu da ya fi sauran haske, gefensa ɗaya a karkace. Takarda in ta kwana shekara da shekaru a kan takarda, sai ta bar inuwarta. Ya zazzage ambulan, ya bi guntayen har ya sami mai karkataccen gefe, ya ɗora. Ta zauna daram, ko gashi ba zai shiga tsakani ba.

Rana tana shiga tagar ɗakin ne daga sha ɗaya zuwa wajen uku kawai, fitilar rufi kuwa ba ta nuna irin wannan inuwa. Suka ja tebur zuwa ƙarƙashin taga, suka kashe fanka don kada iska ta taɓa komai, suka rufe ƙofa. Ɗalibai masu karɓar kundi suka yi ta ƙwanƙwasawa, Uwar Gam tana ce musu ta bayan ƙofa su dawo Juma'a. Zufa na tsattsafo masa, ta riƙa miƙa masa hankici don kada ɗigo ya sauka a shafi.

Manyan ba su ba da wahala ba. Kafin ƙarfe ɗaya ya mayar da goma sha tara. Daga nan aiki ya yi tsauri, don akwai guntaye da dama masu girma ɗaya. Wasu ya gane su ta tawadar da ta lashe shafin da ke fuskantarsu ta bar rubutu a juye. Wasu ta ramin ƙwaro, inda ƙwaron ya huda falle uku ya bi ta cikin guntuwar ya wuce, sai ya daidaita ramin da ramin ya ɗaga sama, in haske ya ratsa ya san nan ne. Ɗaya ta tabon ruwa da ya faro a shafi ya ƙarasa a kanta. Duk wadda bai tabbatar ba sai ya ajiye gefe, ko da Uwar Gam ta rantse ta yi kama. Sau biyu suna sa-in-sa a kan haka. Ta ce taurin kansa ne zai sa rana ta faɗi a kansu, ya ce kama ba ita ce ita ba.

Ƙarfe uku da kwata hasken ya janye daga tagar. Talatin da takwas sun koma wurinsu. Biyar suka rage, duka a farar takarda ta zamani, irin ta littafin makaranta. Ba su bar inuwa ko kaɗan ba, ƙwaro bai taɓa su ba, biyu ma da fensir aka rubuta. Ya bi fallayen nan ɗari biyu da goma sha biyu sau uku, bai ga alamar komai ba.

Da yamma a gida maiɗakinsa ta ajiye masa abinci, ta dawo ta same shi yadda ta bari. Da ya gaya mata, ba ta yi dogon bayani ba. Ta tambaye shi ko mai littafin ta girme shi, ya ce da nisa. Ta ce to ya sa riga mai kyau gobe, kada ya je gaban babba da tabon gam a hannun riga.

Alhamis ƙarfe takwas Dakta ta sauko da kanta, cikin shigar bikin, takardun laccarta a hannu. Ya gaya mata a tsaye, daga farko har ƙarshe, guntaye biyar ɗin na jere a kan farin kwali. Ta nemi kujera ta zauna. Ta ce shekara huɗu, ta sake cewa shekara huɗu. Ta yi faɗa da kwamiti da ba ya wurin, ta yi faɗa da kanta da ba ta rubuta sharaɗin a jikin ƙunshin ba. Sannan ta rage murya ta ce ba wai a ɓoye ba, a'a, amma a bari a buɗe taron tukuna. Baƙi sun zo daga nesa, shugaban jami'a zai tsaya gaban wannan akwatin ƙarfe goma. In an gama mako sai su je gida tare su yi wa Malama bayani cikin natsuwa.

Baba Kundi ya ce ya fahimce ta, kuma ba shi da bakin ba ta haƙuri. Amma sharaɗin da aka yi shi ne a ranar, ba bayan mako ba.

"Ranki ya daɗe, hannuna ne ya yi. Ki bari bakina ya faɗa kafin a kulle gilashin."

Dakta ta dube shi har sai da Uwar Gam ta kawar da kai. Daga sama ana jin mai gwada lasifika, da gangunan ɗaliban da za su yi wasa suna ɗumama hannu. Ta tashi ta hau. Babu wanda ya san wa za ta kira, tsohuwar ko masinjan da zai ɗauki akwatin.

Ƙarfe tara da minti ashirin suka ji sanda na sauka a matattakala, a hankali, ana hutawa bayan kowace uku. Malama ta haura tamanin, 'yar siririya, tabarau rataye a wuya. Ta ƙi hannun da Dakta ta miƙa mata. Baba Kundi ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa a gajarce, ta ce an ce yana da magana.

Ya faɗa mata. Bai ambaci kwamiti ba, bai ambaci shekarunsa na aiki ba. Ya ce ya fitar da su duka ranar Litinin, ya mayar da talatin da takwas jiya, ga yadda ya yi, ga biyar da suka gagare shi. Ta saurara ba ta katse shi ba. Da ya gama ta tambaye shi wa ya aike shi taɓa su. Ya ce babu, sabo ne. Ta ce ita ma ta yi shekara talatin da biyar tana gyara rubutun yara da jan biro, amma ba ta taɓa shiga gidan mutane ta gyara musu wasiƙunsu ba. Ya ce haka ne, Hajiya.

Ta sa tabarau ta ce a buɗe mata. Ba ta ɗauki maganarsa a kan talatin da takwas ɗin ba. Ta zaɓi wurare da kanta, ta ce a je babi kaza, a ɗaga, ta karanta guntuwar ta karanta shafin, leɓɓanta na motsi. Ta yi haka sau bakwai. Masinja ya sauko ya ce shugaban kwamiti na tambaya, baƙi sun zauna. Malama ba ta ɗaga kai ba. Ya sake dawowa goma saura biyar, Uwar Gam ta tare shi a ƙofa ta ce ya je ya ce ana zuwa. A na bakwai tsohuwar ta ce a nuna mata ramin ƙwaron da ake magana. Baba Kundi ya ɗaga fallen da guntuwar tare wajen taga, ɗan haske ya ratso. Ta ce hm.

Sannan ta juya kan biyar ɗin. Ɗaya ta ɗauka nan take, ta ce wannan rubutunta ne, tana da shekara talatin ta yi shi, shekarar da ruwa ya makara. Ta san shafin. Biyu na mahaifinta ne, ta tuna inda suke don a gabanta ya sa su. Ta mayar da su da hannunta. Biyun fensir ɗin ta daɗe tana juya su. Na gwaggonta ne, wadda ta rasu Malama tana aji uku. Ɗaya ta ce a ƙara kwana ɗaya, ɗayar ta ce wannan ba ya faruwa a shekara mai zafi. Akwai shafi fiye da ashirin da kowace za ta iya zama a kai. Ta ce ta sha ganinsu, amma ba ta taɓa riƙe wurinsu a ka ba, don ba ta taɓa zaton za su tashi ba.

A sama an fara jawabin maraba. Malama ta rufe bangon fatar ta ɗora tafin hannunta a kai, Dakta ta sunkuyar da kai tana kallon takardun laccarta.

"Malam, kana da takarda mai kyau, wadda ba ta cin 'yar'uwarta?" in ji Malama.

Ya ce akwai. Ta ce ya yanko kamar tafin hannu. A gidansu, in ji ta, ba wanda ya taɓa sauya wani abu a littafin nan ya tafi bai bar shaida ba, ba kuma za a fara daga kansa ba. Ya rubuta abin da ya yi, da irin rubutun da ya iya.

Ya kama alƙalami. Ya rubuta cewa shi, mai ɗinkin littattafai na laburaren jami'a, ya fitar da guntaye arba'in da uku daga wurarensu bisa kuskure, biyu na fensir sun rasa wurinsu ta dalilinsa. Dakta ta ce a ƙara cewa ba a sanar da shi sharaɗin ba. Malama ta ce takardar ƙarama ce. Ta karɓa ta karanta, ta mayar masa.

"Ba ka gama ba. Rubuta cewa talatin da takwas kai ka mayar, ka faɗi ta yadda ka gane. Uku ni na mayar, da ka. Wanda zai zo bayanmu ya san hannun mutum ya shiga, ya duba da kansa, kada ya yarda da ni ko da kai."

Ya juya bayan takardar ya ƙarasa, ya sa kwanan wata, ya sa hannu. Ta ɗora ta a kan falle na farko. Biyun gwaggonta ta sa aka naɗe su daban aka ajiye a ƙarshen littafin. Sannan ta ce wa Dakta ta ɗauka su tafi, tun mutanen ba su ƙare maganarsu ba.

Littafin ya shiga gilashi ƙarfe goma da minti ashirin da biyar, shugaban kwamiti na harara. Malama ta ce a buɗe shi a falle na farko, don haka duk wanda ya tsaya gaban akwatin a wannan mako, har da shugaban jami'a da baƙin ƙasashen waje da ɗaliban da Baba Kundi ya ɗinka wa kundi, ya karanta laifinsa da rubutun hannunsa. Shi bai hau kallo ba, yana ƙasa yana sallamar waɗanda aka ce su dawo Juma'a. Dakta ta yi laccarta, ta cire misali ɗaya da ta gina a kan rubutun gwaggon, ta gaya wa zauren dalili.

Littafin ya cika kwana bakwai ɗinsa. Alhamis ta gaba Malama ta zo da kanta ta ƙirga fallayen da guntayen, arba'in da huɗu yanzu, ta tafi da abinta. Maganar barin shi a laburare kuwa, ta ce Dakta ta tuna mata baɗi.